CBGB: Ɗan ƙaramin kulob ɗin da ya haifi manyan taurari

Daga Wakilinmu

Duk mai kallon finafinan Amurka ba zai kasa sanin Alan Rickman ba. Shi ne bos ɗin da ya hana Bruce Willis sakat a fim ɗin 'Die Hard' na 1988, kuma shi ne malamin nan mai baƙaƙen kaya da ɗaure fuska a jerin finafinan 'Harry Potter'. To a shekarar 2013, shekara uku kafin rasuwarsa, an ga wannan jarumi a wata fitowa da ba a saba ganinsa a ciki ba: dattijo, gashi buzu-buzu, tufafi a yamutse, ga kare yana binsa, ga bashi ya yi masa katutu. Sunan fim ɗin 'CBGB', kuma wanda ya ba da umarni shi ne Randall Miller.

Maganar gaskiya, fim ɗin bai yi kasuwa ba, masu sharhi ma ba su raga masa ba. Amma labarin da aka gina shi a kai ya faru da gaske, kuma ya fi fim ɗin daɗi nesa ba kusa ba. Labari ne na wani ɗan ƙaramin kulob mai datti a birnin New York, wanda da ƙyar yake ɗaukar mutum 350, amma ya fitar da mawaƙan da duniya ta zo tana rububinsu. Kuma labari ne na wata al'ada da matasan Turai da Amurka ke ji da ita har gobe, wato zuwa kallon makaɗan rok da na pank masu zaman kansu a ƙananan ɗakuna, inda tsakaninka da mawaƙi bai wuce taku biyu ba.

Mai karatu zai iya cewa, to meye abin burgewa a ciki? Ga filin ƙwallo ana cika shi da mutum dubu hamsin, ga fitilu, ga manyan allunan majigi, me zai kai mutum wani kurkuku ya sha zafi? Amsar ita ce, a babban fili kallo kawai kake yi ka koma gida. A ƙaramin ɗaki kuwa, kana iya shiga a matsayin ɗan kallo, ka fito da ƙudurin zama makaɗi. Abin da ya faru ke nan sau da dama, kamar yadda za mu gani.

MUTUMIN DA YA NEMI WANI ABU, YA SAMU WANI

A watan Disamba na 1973 ne Hilly Kristal, mai shekara 42, ya buɗe kulob ɗinsa a gida mai lamba 315 a titin Bowery. A wancan zamani wannan titi ba wurin zuwan mutumin kirki ba ne. Matattara ce ta mashaya da marasa galihu, saman kulob ɗin ma wani masauki ne mai arha da irin waɗannan bayin Allah ke kwana. Birnin New York kansa yana cikin talauci, don a 1975 saura ƙiris gwamnatin birnin ta kasa biyan basussukanta. To amma talaucin nan ne ya sa kuɗin haya ya faɗi, har mawaƙa da masu zane da ba su da ko sisi suka samu wurin fakewa a unguwar.

Abin dariyar shi ne, Kristal bai buɗe wurin don kiɗan pank ba, don a lokacin ma ba a san sunan sosai ba. Haruffan CBGB suna nufin wasu nau'o'i uku ne na kiɗan gargajiyar Amurka da shi yake so, irin na mutanen karkara da na baƙar fatar kudu. Sai dai masu irin wannan kiɗa ba su da yawa a New York, ciniki kuma ya ƙi. Ana cikin haka sai wasu samari masu ƙungiya mai suna Television suka roƙe shi ya bar musu daren Lahadi, tunda dai ba kowa ke zuwa ba. Suka fara wasa ranar 31 ga Maris, 1974, kuɗin shiga dala ɗaya tak.

Kristal ya kafa doka guda wadda ita ce ta zama sirrin wurin: duk wanda zai hau dandamalinsa, to ya zo da waƙar da shi ya ƙirƙira, ba ta wani ba. A sauran mashayu kuwa akasin haka ake so, wato makaɗa su maimaita waƙoƙin da ake ji a rediyo don jama'a su yi rawa su sayi abin sha. Tsarin kuɗin ma mai sauƙi ne: mafi yawan kuɗin ƙofa na makaɗa ne, shi kuma ya riƙe cinikin kanta. Ba ya tambayar ko kana da kamfani, ko ka iya sosai. Ka dai zo da naka.

Kafin ka ce kwabo labari ya bazu. Patti Smith, wata mawaƙiya mai rubuta baituka, ta yi makonni tana wasa a wurin a farkon 1975, daga nan kamfanin Arista ya ɗauke ta. Ƙungiyar Blondie ta Debbie Harry a nan ta goge, kafin a 1979 waƙarta ta hau matsayi na ɗaya a Amurka da Ingila. Talking Heads, wasu ɗaliban makarantar zane, a nan suka yi wasansu na farko a watan Yuni na 1975. Hatta ƙungiyar The Police ta su Sting, da ta zo Amurka karon farko a 1978, a nan ta fara sauke kaya.

YADDA DAREN KE KASANCEWA

Bari mu ɗan shiga ciki da mai karatu, domin irin waɗannan wurare kusan duk kamarsu ɗaya, ko a Landan ne ko a Tokyo.

A bakin ƙofa za ka tarar da wani a zaune da ɗan akwatin kuɗi. Ka biya, ya buga maka hatimi a bayan hannu, shi ke nan tikitinka. CBGB dogon ɗaki ne siriri, sai ka ce lungu aka yi wa rufi. Sai ka ratsa gefen kanta cikin duhu da hayaƙi kafin ka isa gaba. Bango kuwa ba ka ganin fentinsa, don fostoci da rubuce-rubuce sun hau kan juna shekara da shekaru. Dandamalin ɗan ƙarami ne, kuma ba shi da tsawo. Babu shinge, babu 'yan sanda a tsakani. In ka miƙa hannu za ka taɓa takalmin mai jita.

A dare ɗaya ƙungiyoyi uku ko huɗu ko fiye ke wasa. Kowace ƙungiya yawanci mutum uku zuwa biyar ne: mai waƙa, mai jitar lantarki, mai babbar jita mai amon ƙasa, da mai ganguna. Su ke ɗauko kayansu daga mota, su ke haɗa wayoyinsu a gabanka. Idan tsirkiya ta tsinke, kana kallo za a sauya ta. Idan mai ganga ya yi kuskure, kowa ya ji, a yi dariya a ci gaba. Babu wani kaset da aka saka a ɓoye mawaƙi yana motsa baki. Abin da hannu ya kaɗa shi kunne ke ji.

Sauti kuwa, kai, ba a cewa komai! Ba a kunne kaɗai kake jinsa ba, har a ƙirji. Da an fara, sai gaban ɗakin ya rikice. Wasu na tsalle sama da ƙasa a wuri ɗaya, wasu na bangazar juna da kafaɗa cikin da'ira, wani ma sai ya hau dandamalin ya faɗo kan jama'a su tallabe shi da hannuwa. Baƙo zai ɗauka faɗa ake yi. Alhali akwai ƙa'ida da kowa ya sani ko da ba a rubuta ta ba: duk wanda ya faɗi, na kusa da shi su ɗaga shi nan take.

Da ƙungiya ta gama, ba wata mota mai baƙin gilashi da ke jiran ta a bayan gida. Mawaƙin da ka gama kallo shi ne zai sauko jiƙe da gumi, ya tsaya a bayan wani ɗan tebur yana sayar da faifansa da riguna, ku gaisa, ku yi hira. Sau da yawa wannan ciniki ne kuɗin man da zai kai su gari na gaba, kuma a falon wani ɗan kallo za su shimfiɗa su kwana. To ka ji abin da ake nufi da makaɗa masu zaman kansu: babu babban kamfani a bayansu, su ne furodusoshin kansu, su ne 'yan kasuwar kansu, su ne 'yan dakon kansu.

'YAN GIDAN RAMONE

Idan ana maganar CBGB, dole a sa Ramones a gaba. Samari huɗu ne daga unguwar Forest Hills, babu wanda ya haɗa jini da wani, amma duk suka ɗauki sunan Ramone kamar 'yan gida ɗaya: Joey, Johnny, Dee Dee da Tommy. Shigarsu iri ɗaya, baƙar rigar fata da yagaggen wandon jins. Sun fara hawa dandamalin ranar 16 ga Agusta, 1974, kuma kafin shekarar ta ƙare sun yi wasa a wurin sau 74.

Don a gane abin da suka zo da shi, sai an san yadda kiɗan rok ya koma a lokacin. Manyan makaɗa sun zama tamkar sarakuna, suna yawo a jirgin sama na kansu, waƙa ɗaya sai ta ɗauki minti goma sha biyar, mai jita yana ta nuna gwaninta shi kaɗai. Yaro mai sha'awa in ya kalli wannan sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce wannan ba da mu ba. Su kuwa Ramones sai suka zo da waƙoƙi na minti biyu-biyu, a guje, babu kwana-kwana. Dee Dee ya ƙirga ɗaya zuwa huɗu da ƙarfi, a afka. Gaba ɗaya wasansu a farkon lamari bai wuce minti 17 ba, wani lokaci ma har da tsayawa su yi gardama a gaban jama'a kan waƙar da za a yi gaba.

Faifansu na farko ya fito a 1976 a ƙarƙashin kamfanin Sire. Waƙoƙi 14 ne cikin minti 29, kuma dala 6,400 kacal aka kashe wajen ɗaukarsa, a zamanin da manya ke kashe ninkin-ba-ninkin haka. Bai yi wani ciniki ba a lokacin. Hasali ma Ramones ba su taɓa yin irin kuɗin da waɗanda suka kwaikwaye su suka yi ba, duk da sun yi shekara 22 suna yawo, sun yi wasa sau 2,263 kafin su watse a 1996. Amma saƙon da suka isar ya fi kuɗi: ashe ba sai ka zama gwani ba kafin ka fara.

MUTUM ARBA'IN A MANCHESTA

Wannan saƙo bai tsaya a Amurka ba. A Ingila ma matasa na fama da rashin aikin yi, ga haushi ya cika su, kuma a Landan wata ƙungiya mai suna Sex Pistols ta fara tayar da ƙura. Wasu ɗalibai biyu, Howard Devoto da Pete Shelley, suka je suka gan ta, suka dawo suka kama hayar wani ƙaramin zaure a birnin Manchesta, suka gayyato ta. Ranar 4 ga Yuni, 1976 aka yi wasan. Mutanen da suka zo ba su wuce 40 ba. A lissafin ɗan kasuwa, wannan asara ce.

To amma duba waɗanda ke cikin ɗakin. Akwai Bernard Sumner da Peter Hook. Washegari Hook ya je ya sayi jita a kan fam 35, ba tare da ya iya kaɗa ta ba, kuma su ne suka kafa Joy Division, wadda daga baya ta koma New Order. Akwai wani matashi mai suna Morrissey, wanda ya zo ya jagoranci The Smiths. Su kansu masu shirya taron suka kafa Buzzcocks, kuma a watan Janairu na 1977 suka ranci kimanin fam 500 a wurin dangi da abokai, suka buga faifansu da kansu, ba su jira wani kamfani ba. Kwafi 1,000 suka fara bugawa, ya ƙare, suka yi ta ƙarawa. Yanzu a Manchesta har zolaya ake yi cewa in da duk masu rantsuwar sun halarci wasan nan gaskiya suke faɗa, da sai filin ƙwallo ne zai ɗauke su.

Me suka gani da ya zaburar da su haka? Ba gwaninta ba ce. Sun ga samari sa'o'insu ne, masu irin tufafinsu, a gabansu kusa-kusa, suna kuskure suna ci gaba. Da a babban fili ne, daga nesa, da ba su ga hakan ba. A farkon 1977 wata 'yar mujallar matasa da ake bugawa da fotokwafi ta zana yadda ake ɗora yatsu a kan jita iri uku kawai, sannan ta ce wa mai karatu ya tashi ya kafa tasa ƙungiyar. Wannan zane ya taƙaita komai. Mai son ganin yadda aka kwaikwayi wancan dare na Manchesta, ya nemi fim ɗin '24 Hour Party People' na darakta Michael Winterbottom, wanda ya fito a 2002.

BA GIYA, BA ƘWAYA, BA FAƊA

Wani zai ɗauka duk masu wannan harka 'yan shaye-shaye ne. Akwai su kam, amma akwai waɗanda suka yi hannun riga da abin tun farko. A 1980 wasu yara 'yan birnin Washinton masu ƙungiya mai suna Teen Idles suka je wasa San Francisco. Da yake shekarunsu ba su kai na shiga mashaya ba, sai masu kulob ɗin suka zana musu alamar X a bayan hannu, don kada a sayar musu da giya. Yaran suka dawo gida da dabarar, suka roƙi masu kulob-kulob na garinsu su riƙa barin ƙananan matasa su shiga da wannan alama. Sannu a hankali alamar ta zama abin alfahari ga dubban matasan da suka ɗauki alkawarin ba su ba giya, ba su ba ƙwaya, ba su ba taba.

Ɗaya daga cikin yaran nan, Ian MacKaye, shi da abokinsa Jeff Nelson suka kafa kamfanin faifai na Dischord a wannan shekara da ɗan kuɗin da ƙungiyar ta tara. Daga baya MacKaye ya kafa Fugazi, wadda daga 1987 zuwa 2003 ta yi wasa fiye da sau 1,000. Sun tsaya kai da fata cewa kuɗin shiga ya zauna a wajen dala 5, kuma a bar kowa ya shiga, babba da yaro. Manyan kamfanoni sun yi ta zawarcinsu, suka ce a kai kasuwa. Idan wani ɗan kallo ya fara cin zalin mutane a gaban dandamali, MacKaye kan tsayar da kiɗan cak, ya mayar masa da kuɗinsa, ya nuna masa ƙofa.

A Berkeley ta jihar Kalifoniya kuma akwai wani kulob da ake kira 924 Gilman, wanda aka buɗe a daren ƙarshe na 1986. 'Yan sa-kai ke tafiyar da shi, kuma dokokinsa na nan a rubuce a bakin ƙofa: ba giya, ba ƙwaya, ba faɗa, ba wariyar launin fata. Sannan ba a yarda ƙungiyar da ke ƙarƙashin babban kamfani ta yi wasa ba. A nan Green Day ta girma. Da ta sa hannu da kamfanin Reprise, faifanta na 1994 ya sayar da miliyoyi, sai 'yan gida suka rufe mata ƙofa, wasu na ce mata ta ci amana. A 2015 ta dawo ta yi wasan tara kuɗi a wurin. Wannan gardama ba ta mutu ba har yau: idan Allah ya ɗaga ka, shin ka ci amanar waɗanda suka tallabe ka kana ƙarami, ko kuwa haƙƙin guminka ka karɓa? Masu sukar na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don kamfanin da ya zuba maka kuɗi shi zai gaya maka irin waƙar da za ka yi. Masu kare su kuma na cewa tafi da ihu ba sa biyan kuɗin haya.

INDA GIZO KE SAƘA

Kada daɗin labari ya sa mu rufe ido. Harkar tana da nata duhun. A Ingila, a shekarun farko, wata ƙazamar al'ada ta ɓulla ta tofa wa makaɗa yawu a matsayin yabo. A bikin pank na kulob ɗin 100 Club da ke Landan, a watan Satumba na 1976, an jefa kofin gilashi ya tarwatse ya lalata wa wata yarinya ido. Sid Vicious na Sex Pistols ya mutu a 1979 yana ɗan shekara 21 sakamakon hodar iblis nau'in heroin, kuma ita ce ta kashe Dee Dee Ramone a 2002.

Akwai kuma haɗarin ɗakin kansa. Ranar 20 ga Fabrairu, 2003, a wani kulob mai suna The Station a jihar Rhode Island, an kunna tartsatsin wuta na ado lokacin da ƙungiyar rok ta Great White ta fara wasa. Soson da aka liƙa a bango don tare sauti ya kama, cikin 'yan mintuna ginin ya ƙone, mutum 100 suka rasu, da yawansu a cunkoson ƙofar fita. Shi ya sa tsofaffin hannu ke ba sababbi shawara biyu: kana shiga ka fara duba inda ƙofofin fita suke, sannan ka toshe kunnenka da ɗan abin toshewa, don sautin wuraren nan kan zarce abin da kunnen ɗan'adam ke iya jurewa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

DAGA SAKKWATO ZUWA KULOB-KULOB NA AMURKA

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ɗaya daga cikin masu jitar da ake ji da su a wannan fage a 'yan shekarun nan maƙwabcinmu ne. Mdou Moctar Ba'abzine ne daga Jamhuriyar Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar burkin keke. Faifansa na farko, 'Anar', a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, kuma da na'urar nan mai lanƙwasa murya da aka sani a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da katin memori, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds. Shi ne ya nemo shi, kuma a 2015 suka fitar da fim a Agadas cikin harshen Abzinawa, wanda aka gina a kan salon fim ɗin 'Purple Rain' na mawaƙi Prince, Mdou ne jarumin.

Mai kaɗa masa babbar jita, Mikey Coltun, a cikin 'yan pank na Washinton ya taso. Kuma in ka duba, ba abin mamaki ba ne da jininsu ya haɗu. A gidajen biki na Agadas janareta ake tayarwa, a jona lasifika, makaɗa su tsaya a ƙasa jama'a sun kewaye su, ƙura na tashi. Bambancinsa da CBGB rufin ɗaki ne kawai. Da ƙananan kulob-kulob Mdou ya fara zagaya Turai da Amurka, kafin kamfanin Matador mai zaman kansa ya fitar masa da 'Afrique Victime' a 2021 da 'Funeral for Justice' a 2024.

ƘARSHEN CBGB

To ina aka kwana da kulob ɗin Hilly Kristal? Abin da ya kashe shi ba rashin jama'a ba ne, kuɗin haya ne. Unguwar da a da kowa ke gudu ta zama ta masu hannu da shuni, kuma sunan da mawaƙan nan suka yi mata na cikin abin da ya jawo hakan. A 2005 rigima ta ɓarke tsakanin Kristal da masu ba shi haya kan wani bashi na kimanin dala 90,000. Kotu ta ba shi gaskiya, amma masu ginin suka ƙi sabunta yarjejeniya. Ranar 15 ga Oktoba, 2006, Patti Smith ta yi wasan bankwana, inda a ƙarshe ta karanto sunayen abokan tafiya da suka riga mu gidan gaskiya. Bayan wata goma, ranar 28 ga Agusta, 2007, Kristal ya rasu da ciwon dajin huhu yana da shekara 75. A 2008 aka mayar da wurin kantin tufafi masu tsada.

Ikon Allah, bayan mutuwar wurin sai girmamawa ta zo. Rumfar ƙofarsa tana gidan tarihin mawaƙan rok da ke Cleveland. A 2013 babban gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya ƙera kwafin banɗakin CBGB, wanda ya yi suna wajen ƙazanta, ya baje shi a wani nuni, manyan mutane suna layi suna kallo. Su kuwa Ramones huɗun nan na asali duk sun rasu tsakanin 2001 da 2014, kuma a yau za ka ga matasa a ko'ina sanye da riga mai tambarinsu, wasu ba su ma san makaɗa ba ne.

Abin da ya ci CBGB bai ƙoshi ba. Annobar korona ta 2020 ta rufe irin waɗannan wurare na tsawon watanni, wasu ba su sake buɗewa ba. A Birtaniya, ƙungiyar Music Venue Trust, wadda aka kafa a 2014 don kare ƙananan wuraren kiɗa, ta ce a shekarar 2023 kaɗai wurare 125 ne suka rufe ko suka daina sa kiɗa, a daidai lokacin da manyan taurari ke cika filayen ƙwallo da tikiti mai tsadar gaske. Shi ya sa ƙungiyar ta yi ta kiran a riƙa cire fam ɗaya daga kowane tikitin babban wasa a tallafa wa ƙananan ɗakuna, kuma wasu manyan mawaƙa irin su Coldplay sun amsa kiran da nasu kason.

Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa. Tauraron da ke cika fili a yau, akwai ranar da ya yi wasa a gaban mutum ashirin, ya yi kuskure, aka yi masa haƙuri, ya dawo mako na gaba ya gyara. Idan aka rufe ɗakin da ake wannan koyo, daga ina na gobe za su fito? Wanda ke son ganin yadda abin yake da idonsa, bayan finafinan da muka ambata, ya nemi 'End of the Century' na 2003 a kan rayuwar Ramones, da 'The Decline of Western Civilization' na 1981, wanda darakta Penelope Spheeris ta ɗauka a cikin kulob-kulob na Los Angeles, kyamara a tsakiyar turmutsitsi. A nan babu jarumi, babu bos, babu wanda aka rubuta wa abin da zai faɗa. Sai dai a rage ƙarar talabijin kafin a kunna, kada maƙwabta su ɗauka gobara ce!